Allon bakin hanya ba ya riƙe tudu

A kusa da garin Baraboo da ke jihar Wisconsin ta Amurka akwai siffar mutum da aka tula da ƙasa, kwance a fili, tsawonsa mita 65, da wasu abubuwa biyu kamar ƙahoni a kansa. 'Yan asalin yankin ne suka yi shi kimanin shekara dubu da suka wuce, kuma al'ummar Ho-Chunk na ɗaukarsa aikin kakanninta. Ƙafafunsa sun guntule daga wajen gwiwa, domin hanya ta ratsa ta kansu kafin ƙungiyoyin tarihi da na mata su saye wurin su buɗe shi a 1908. Abin da ya saura na tafin ƙafa a ɗaya gefen hanyar shanu suka tattake shi. Yanzu da fenti aka shata ƙafafun a kan kwalta, motoci na bi ta kai, ga allon bayani a gefe.

Ba na cikin masu raina irin waɗannan allunan bayani na bakin hanya. Amma ina ganin an ɗora musu nauyin da ba nasu ba. Gwamnatin jiha ko ƙungiyar tarihi takan kafa allo, a yi taro a ɗauki hoto, kowa ya watse da jin cewa an sauke farali, alhali tudun na nan yana zaizayewa a gonar wani, ko ma babu shi ɗungurungum. Allo aikinsa faɗin gaskiya a taƙaice. Tsare tudu kuwa aikin mallakar fili ne da ciyawa da magudanar ruwa da mai gadi, kuma ya kamata jikokin waɗanda suka gina shi su zama masu faɗa a ji a kan duka biyun.

Mutum ba zai gane girman asarar ba sai ya san abin da ake magana a kai. Tuddan Watson Brake guda 11 da ke jihar Louisiana an fara tula su wajen shekara 3500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wato sun girmi dalar Masar. Poverty Point, shi ma a Louisiana, an gina shi tsakanin 1700 zuwa 1100 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), da gandaye shida masu lanƙwasa, ɗaya cikin ɗaya, da babban tudu mai tsayin mita 22. Cahokia, a jihar Illinois, tsallaken kogin Mississippi daga birnin St. Louis, birni ne sosai wanda ya kai ganiyarsa wajen 1050 zuwa 1100 Miladiyya, da mutane tsakanin 10,000 zuwa 20,000 da tuddai kusan 120. Mafi girmansu, Monks Mound, tsayinsa mita 30 ne, gindinsa ya cinye fili sama da hekta 5, ƙasar da ke cikinsa ta haura kubik mita 600,000. Ba duka ne kaburbura ba. Wasu makabarta ne, wasu dandamali ne masu shimfiɗaɗɗen kai da ake gina gidan sarki ko ɗakin ibada a bisa, wasu kuma siffofin tsuntsaye ne da dabbobi, kamar macijin jihar Ohio mai tsawon mita 411. Al'ummomi daban-daban ne suka yi su, a zamuna da ke da tazarar dubban shekaru, don haka allon da ya tattara su duka a ƙarƙashin suna ɗaya ya riga ya fara da kuskure.

Babu jaki, babu amalanke, babu shebur na ƙarfe. Da fartanyar dutse ko ta ƙwanso da sandar tono ake haƙo ƙasar, a loda a kwando, a ɗauka a zube, a tattake. Idan masu bincike suka yanka gefen tudu sukan ga shatar kowane kwando, ɗan tuli mai launi dabam da na kusa da shi. Kuma ba zubin ganin dama ba ne. Maginan sun san ƙasa: sukan sa yumɓu inda ake son ƙarfi, su sa mai yashi inda ake son ruwa ya wuce, wani lokaci su yanko ƙasa da saiwar ciyawarta su jera ta a kife don ta riƙe gangare, sannan su rufe saman da laka mai hana ruwa shiga. A babban tudun Poverty Point, masu bincike Anthony Ortmann da Tristram Kidder sun duba tsakanin shimfiɗun ƙasar ba su ga alamar wankin ruwan sama ko tsirar ciyawa ba, abin da ya sa suka ce an tula shi cikin abin da bai wuce wata uku ba. Mutanen da ba su ma fara noman masara ba, masu kamun kifi da farauta, su ne suka tara hannun da ya yi wannan aiki.

Wannan tsari na ciki shi ne sirrin daɗewar tudu, shi ne kuma rauninsa. Da zarar an fasa murfin laka, ruwa ya samu ƙofa. Yumɓu yana kumbura idan ya jiƙa, ya tsuke ya tsage idan ya bushe. Tsagar rani ita ce hanyar ruwan damina, ruwan ya gangara har ya tarar da shimfiɗar da ba ta barinsa wucewa, ya taru a nan, ƙasar da ke sama ta yi nauyi ta zame a kan laka mai santsi. Haka Monks Mound ya zaftare a 1984, aka riƙa fama da shi, aka huda gefensa aka zura bututan fitar da ruwa, aka sake babban gyara a 2007. Wannan fa wuri ne da hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya tun 1982, mai ma'aikata da kasafin kuɗi. Sai a ƙiyasta halin ƙaramin tudun da ke tsakiyar gonar waken soya. Wanda ya san yadda ganuwar Kano ke narkewa daga inda aka fara ɗibar ƙasarta ko aka buɗe mata hanyar wucewa, ko ya san tuddan kaburbura na Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Katsina, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ginin ƙasa ba ya yafe sakaci.

Garma ce babbar mai kisa, don ba ta da hayaniya. Kowace shekara tana yanke 'yan santimita daga sama ta watsa su gefe, ruwa da iska su kwashe, bayan shekara ɗari tudun ya koma ɗan doro da sai mai ido zai gane shi. Haka ya faru da tudun Kituwah, mahaifar al'ummar Cherokee a jihar North Carolina, wanda noma ya rage shi zuwa ƙasa da mita 2 kafin Cherokee na gabas su saye filin a 1996. Bayan garma sai itace. Mutane na son ganin manyan itatuwa a kan tudu, suna cewa saiwa na riƙe ƙasa. Saiwar ciyawa ce ke riƙewa. Ta babban itace tana kutsawa cikin kabari, inuwarsa tana kashe ciyawar ƙasa, ranar da guguwa ta tumɓuke shi kuma yakan tafi da dunƙulen ƙasa mai faɗin mita biyu ko uku, da duk abin da ke ciki. Sai kofaton shanu a ƙasa mai laima, sai dabbobi masu haƙa rami, sai turbar da masu yawon buɗe ido ke fitarwa idan suka riƙa hawa ta waje ɗaya, wadda damina biyu ko uku ke mayarwa kwazazzabo.

Maganin duk wannan ba shi da tsada, naci yake buƙata. A daina noma a kan tudun da kuma ratar 'yan mitoci kewaye da gindinsa, domin gindin na asali yakan wuce inda ido ke gani, ƙasar da ta zaizayo ta binne shi. A rufe shi da ciyawar yankin mai saiwa da yawa. A yanke ta sau biyu ko uku a shekara, da tsawo, kada a aske ta har ƙasa, kuma kada injin yanka mai nauyi ya hau sai ƙasa ta bushe, in ba haka ba tayarsa za ta yi kwari, wuƙarsa kuma ta fefe ƙololuwar tudun. Ƙananan itatuwa a sare su tun suna ƙanana. Manya a sare su daidai da ƙasa lokacin sanyi da ƙasa ta daskare, a jawo gungumen da igiya zuwa nesa da tudu, a bar kututturen ya ruɓe a wurinsa, kada a tumɓuke. Ramin da ya buɗe a cike shi da ƙasa mai tsabta da aka kawo daga wani waje, a shimfiɗa ƙyalle mai barin ruwa wucewa a tsakani domin na gaba su iya bambance ciko da ginin asali. Inda dole ne mutane su hau, a yi matakala wadda ke zaune a kan ƙasa ba tare da an haƙa mata tushe mai zurfi ba. Inda makabarta ce kuwa, kada a hau sam.

Gajeriyar hanya a nan ita ke jawo ɓarna. A 2012 hukumar garin Franklin a North Carolina ta fesa maganin kashe ciyawa a kan tudun Nikwasi, da niyyar sauya ta da irin da ba ya buƙatar yawan yanka. Tudun ya koma ja wur, ba murfi, a tsakiyar gari, kuma ba a tuntuɓi Cherokee ba, waɗanda wurin ke da tsarki a wajensu. Abin takaicin shi ne garin ba maƙiyin tudun ba ne, mutanensa ne suka yi karo-karo, har da 'yan makaranta, suka saye shi a 1946 don kada a baje shi. Kyakkyawar niyya ce ba tare da shawarar masu abu ba. Sai a 2019 aka miƙa takardar filin ga wata ƙungiyar haɗin gwiwa da Cherokee ke ciki.

Yanzu ga allon kansa. Galibi zubin alminiyam ne mai haruffa masu tudu, a kan turken ƙarfe da aka dasa cikin kankare, kuma ba ya ɗaukar fiye da kalmomi ɗari ko ɗari da 'yan kai. Jihar Virginia ta fara irin wannan tsari a 1927, lokacin da motoci ke tafiya a hankali. Yau ba mai iya karanta layi goma sha biyu yana gudun kilomita 90 a awa, don haka allon da ba shi da wurin tsayawar mota ado ne kawai. Ana buƙatar ƙaramar alama tun daga nesa mai sanar da direba, da fili mai tsakuwa da zai ɗauki mota biyu ko uku. Amma wurin tsayawar da ramin turken su ma tono ne. Tudu ba ya zama shi kaɗai, kewayensa akwai dandali da gidaje da kaburbura da ba a gani daga sama. Kafin a haƙa ko rami ɗaya, a bi wurin da na'urar auna maganaɗisun ƙasa ko rada mai leƙa ƙarƙashi, a ɗora tsakuwar a kan ƙasa maimakon a kankare saman, a kuma tabbatar ruwan da ke gangarowa daga wurin tsayawar bai nufi gindin tudun ba. Kuskuren da aka fi yi a tsofaffin alluna shi ne dasa su a jikin tudun ko a ƙololuwarsa.

Jihohi biyu sun yi abin da ya cancanci yabo a wannan fanni. Louisiana ta jera wurare 39 a hanyar tuddanta, Mississippi kuma ta buɗe tata a 2016 da wurare 33 da ke bin babbar hanya mai lamba 61. Yawancinsu a filayen mutane suke, daga bakin hanya ake kallo, ba a shiga. Amfanin wannan a fili yake: manomin da aka kafa wa allo a bakin gonarsa, maƙwabta na gani, baƙi na tsayawa, zai yi wuya ya kira katafila. Sai dai kunya ce ke hana shi, ba dokar tarayya ba. Dokar tarayya ta 1979 mai hana tonon kayan tarihi ba izini ta shafi filayen gwamnatin tarayya ne da na ƙabilun 'yan asalin ƙasar. Ta 1990 mai tilasta mayar da ƙasusuwa da kayan kabari ga masu su ta shafi waɗannan filayen da gidajen tarihi masu karɓar kuɗin tarayya. Tudun da ke gonar wani ya dogara ne da dokar jiharsa, kuma jihohi sun bambanta ƙwarai. Wisconsin, wadda aka ƙiyasta ta taɓa samun tuddai 15,000 zuwa 20,000 amma yau saura kimanin 4,000, ta yi dokar kare wuraren binne mutane ko da a filin wani suke. Ba kowace jiha ce ta kai nan ba.

Abin da aka rubuta a allon shi ya fi damuna. Tsofaffin alluna da yawa suna maganar wasu ɓatattun mutane da ba a san ko su wa ba ne. Wannan magana tana da tarihi mai ɗaci. A ƙarni na 19 Turawan Amurka sun yaɗa cewa wata al'umma ce ta dabam mai wayewa ta yi tuddan, 'yan asalin ƙasar da suka tarar kuma su ne suka hallaka ta. Shugaban Amurka Andrew Jackson ya kawo wannan hujja a saƙonsa ga majalisa a 1830, shekarar da ya sa hannu a dokar da aka yi amfani da ita wajen korar ƙabilun kudu maso gabas zuwa yammacin kogin Mississippi. Alhali shaida na nan tun da daɗewa: ayarin Hernando de Soto na Sifaniya, tsakanin 1539 zuwa 1543, ya tarar da sarakuna zaune a kan tuddai, Faransawa kuma sun ga sarkin ƙabilar Natchez a kan nasa a farkon ƙarni na 18. Sai a 1894 rahoton masani Cyrus Thomas na cibiyar bincike ta Smithsonian ya rufe muhawarar a wajen masana. Allon da har yau ke cewa maginan sun ɓace yana maimaita hujjar da aka kori jikokinsu da ita, ko mai rubutun ya sani ko bai sani ba.

Na biyu shi ne ɓoye mai laifi. Birnin St. Louis ana yi masa laƙabi da birnin tuddai saboda yana da sama da ashirin. Babbansu, mai tsayin kusan mita 10, an kwashe shi ƙarƙaf a 1869 aka yi cikon layin dogo da ƙasarsa, da ƙasusuwan da ke ciki. Abin da ke tuna shi yau dutse ne da aka ajiye a kusa da titin da ke ɗauke da sunansa. Wannan ihu ne bayan hari, amma ko ihun ya kamata ya faɗi wanda ya kawo harin. Allo ya ce wane ne ya baje, a wace shekara, don me, kuma ina aka kai mutanen da aka tono. A Ocmulgee da ke Georgia layin dogo ne ya yanke tudun makabarta. A Poverty Point hanyar jiha ce ta ratsa gandayen. A Cahokia babbar hanyar tarayya ce ta bi ta cikin birnin. Matafiyin da ya tsaya karanta allo yana tsaye ne sau da yawa a kan abin da ya yi ɓarnar, kuma hakkinsa ne ya sani.

Don haka kalmomi ɗarin nan a raba su da adalci. Sunan wurin a harshen masu shi ya zo farko idan an san shi. A faɗi lokacin gini da yadda aka san shi. A ambaci al'ummar da ke raye wadda ke danganta kanta da wurin, Osage ko Choctaw ko Muscogee ko Ho-Chunk, a kuma faɗi inda take zaune yau, ko da a jihar Oklahoma ne, can yammacin kogin Mississippi, domin wannan tazara ita kanta tarihi ce. Inda masana suka saɓa, kamar shekarun macijin Ohio da wasu ke kai shi wajen 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) wasu kuma wajen 1070 Miladiyya, a rubuta cewa an saɓa. Kada a lissafa kayan da aka tono daga kabari. Kuma kada a zuba ƙarfen sai ofishin kula da tarihi na ƙabilar ya karanta rubutun ya amince, domin gyaran kalma ɗaya a allon zubi na nufin sake allon gaba ɗaya, shi ya sa kuskure kan tsaya shekara hamsin a bakin hanya.

Akwai masu cewa allo jagora ne ga ɓarayin kabari, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. A Spiro da ke Oklahoma, tsakanin 1933 zuwa 1935, wasu mutane sun karɓi hayar fili suka huda babban tudu, suka sayar da sassaƙaƙƙun ƙwansuna da tagulla da saƙa masu ɗaruruwan shekaru, da za su tafi kuma suka tayar da nakiya a ciki. Kasuwar irin waɗannan kaya ba ta mutu ba. Ra'ayina shi ne a bambanta. Tudun da ke bakin hanya, kowa na ganinsa, ɓarawo ya riga ya san shi, allo sai dai ya ƙara masa idanun tsaro. Wanda ke cikin daji ko bakin kogi inda ba mai wucewa, a bar shi ba alama, a ajiye bayaninsa a kundin hukuma da ba a buɗe wa kowa, kamar yadda dokar tarayya ta ba da dama. Idan kuma ƙabilar ta ce ba ta son a nuna wurin, magana ta ƙare.

Mallakar gwamnati ma ba ta wadatar ba. A Effigy Mounds da ke jihar Iowa, inda tuddai sama da 200 ke hannun hukumar kula da gandun daji ta tarayya tun 1949, bincike ya gano ma'aikata sun yi ayyuka 78 tsakanin 1999 zuwa 2010, har da doguwar hanyar katako, ba tare da bin ƙa'idar tuntuɓa da binciken ƙasa ba. Wani tsohon shugaban wurin kuma ya amsa laifi a 2016 cewa ya kwashe ƙasusuwan mutum 41 ya ɓoye a gidansa tun 1990. A Newark da ke Ohio, katafaren ginin ƙasa mai kusurwa takwas wanda aka daidaita shi da zagayen wata na shekara 18.6 ya zama filin ƙwallon lambu, wato golf, tun 1910, a kan hayar da hukuma ta riƙa sabuntawa. Sai da kotun ƙolin jihar ta yanke hukunci a 2022 aka samu hanyar karɓe hayar, aka buɗe wa jama'a wurin a farkon 2025.

Inda aka ga sauyi na gaske shi ne inda fili ya koma hannun masu shi. Nanih Waiya, tudun da Choctaw ke kira uwarsu, jihar Mississippi ta mayar musu da shi a 2008. Osage sun sayi saman Sugarloaf, tudu ɗaya tilo da ya rage a St. Louis, a 2009, daga baya suka rushe gidan da aka gina a kai. Inda sayen fili bai yiwu ba, akwai yarjejeniyar da ake rubutawa cikin takardar mallaka: manomi ya riƙe gonarsa, ya karɓi diyya ko rangwamen haraji, a hana noma da tono a kan tudun har abada, sharaɗin ya bi filin ko an sayar, ƙabilar kuma ta samu izinin shiga don ziyara da ibada. Da ni ke raba kuɗin irin waɗannan shirye-shirye, wannan yarjejeniya zan fara biya, sai kuɗin yankan ciyawa da duba tudun bayan kowane ruwa mai ƙarfi na aƙalla shekara goma, sannan abin da ya rage a kai wa mai zuba allo.